Ziyarar Ba-zata a Gidan Yari, da Katoɓarar da Na Yi

Ƙarfe 7:10 na safe muka ƙwanƙwasa ƙofar. Mu huɗu ne: shugabar tawagarmu, wadda ta haura shekara 20 tana aikin lauya, da wani malamin makaranta, da wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, sai ni da na ƙarar da ƙuruciyata a aikin jinya. Gandiroban da ke bakin ƙofa ya leƙo ta 'yar tagar nan da ba ta fi tafin hannu ba, ya karɓi katunanmu da takardar da ta ba mu iko, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Hajiya, ai ba a sanar da mu za ku zo ba."

Ta ce, "E, ɗana, da gangan ne."

Ya maida tagar ya rufe. Minti 40 muka yi a tsaye. Ni har na fara ƙunƙuni, ita kuwa ko a jikinta. Littafi kawai ta ciro ta rubuta lokacin da muka ƙwanƙwasa, da aka buɗe ta sake duba agogo ta rubuta. Ta raɗa min cewa jiran ma yana shiga rahoto. Muna sa ƙafa ciki warin maganin wanke ƙasa ya tarbe mu, siminti jiƙe sharkaf, ga tsintsiya a jingine da bango tana ɗigar ruwa. Sai na gane abin da aka yi da mintunanmu.

Bayan na yi ritaya ne wani tsohon abokin aikina ya ce min hukumar da ke sa ido kan wuraren tsare mutane tana neman mai ilimin lafiya. Kafin a ɗauke ni sai da aka tona ni tas: ko na taɓa aiki da hukumar gidajen yari, ko ina cin abinci da kwangilarsu, ko ina da ɗan'uwa a tsare. Dalili a fili yake, wanda ke ci a hannunka ba zai iya duba ka ba. Daga nan aka ba mu horo na mako biyu, kuma a can na fara sanin cewa aikin yana da asali. Wani ma'aikacin banki ne a birnin Geneva, Jean-Jacques Gautier, ya kawo shawara a shekarun 1970 cewa tunda a ɓoye ake azabtar da mutane, maganin abin shi ne baƙi su riƙa shiga wuraren tsarewa a kai a kai, tun ɓarna ba ta auku ba. Ya aro dabarar ce daga ƙungiyar Red Cross, wadda ba ta yarda ta ziyarci ɗaurarru sai an amince za ta ga kowa, ta keɓe da wanda ta ga dama ba mai saurare, ta rubuta sunayensu, ta kuma sake dawowa. Shawarar ta daɗe tana jan ƙafa kafin Majalisar Ɗinkin Duniya ta maida ita yarjejeniya a watan Disamba na 2002, wadda ake kira OPCAT, ta fara aiki a 2006. Duk ƙasar da ta shiga, wajibi ne ta kafa hukumarta mai cin gashin kanta, ta kuma bar wani kwamitin Majalisar mai mutum 25 ya shiga duk inda ake tsare da mutane. Ma'aunin da muke riƙewa kuwa shi ne Dokokin Nelson Mandela, guda 122, da aka amince da su a 2015 bayan an yi wa tsofaffin ƙa'idojin 1955 kwaskwarima. An sa musu sunansa ne saboda shekara 27 da ya yi a ɗaure.

Mai horar da mu ya ce ko mun manta komai kada mu manta abu biyu. Kada ka tambayi fursuna laifin da ya kawo shi, domin da zarar ka ji, kunnenka zai canza. Sannan kada zuwanka ya zame wa wani masifa bayan ka tafi. Na biyun har layi biyu na ja masa a littafina.

Ofishin shugaban gidan muka fara shiga, kamar yadda aka saba. Akwai baƙin allo a bayansa, an rubuta adadin da aka gina gidan domin su, a ƙasa kuma ƙirgen safiyar ranar. Na ƙasan ya ninka na saman biyu har da ɗoriya, kuma masu jiran shari'a sun fi waɗanda aka yanke wa hukunci yawa. A duniya ma dai sama da mutum miliyan 11 ne ke tsare, kusan ɗaya cikin uku ba a yanke musu hukunci ba. Na shiga ofishin ina tsammanin ganin mugu, sai na tarar da dattijo mai gajiyayyun idanu. Ya ce, "Hajiya, ni ban da ikon rubuta wa kotu cewa gida ya cika. Mota ta tsaya, a sauke min mutane da takarda, dole in karɓa." Kan wannan dai gaskiyarsa ce.

Aikina na farko awo ne. An ba ni tef, malamin makarantar ya riƙe min bakinsa. Ɗaki na huɗu mita 6 ne tsawo, 5 faɗi, wato murabba'in mita 30, kuma mutum 38 ke kwana a ciki. Kwamitin Turai na hana azabtarwa ya ce mafi ƙaranci a ɗakin tarayya shi ne murabba'in mita 4 ga kowane mutum, ban da wurin bahaya. Da wannan lissafin, mutum bakwai ya kamata su kwana a nan. Amma lamba ba ta nuna min komai ba sai da na roƙe su su gwada min yadda suke kwanciya. Suka yi dariya, suka zube, kowa a gefe guda, kan wannan a ƙafar wancan, kamar an jera ashana a kwali. Wani saurayi ya ce, "Likita, in ka tashi fitsari da dare, to ka sallama wurinka, a zaune za ka ƙarasa." (Ni ba likita ba ne, na faɗa har na gaji. A gidan yari duk wanda ya rataya abin sauraron ƙirji likita ne.)

Kwanciyar ma tana da daraja-daraja. Kusa da taga na tsofaffin zama ne da masu abin hannu. Sabon shiga kuwa gefen bokitin bahaya yake farawa, yana matsawa a hankali in an sallami wani ko an ɗauke shi. Mai raba wuraren shi ne shugaban ɗaki, fursuna ɗan'uwansu, wanda ke da mataimaka da mai horo da mai kula da ruwa. Doka ta 40 cikin Dokokin Mandela ta hana a ɗora wa fursuna aikin hukunta ɗan'uwansa, amma inda gandiroba ɗaya ke gadin ɓangare guda da dare, mulki ba ya zama a ƙasa, wani zai ɗauka. Da na tambayi wani sabon shiga ko ana biyan wani abu kafin a matsar da mutum daga bakin bokiti, shugaban ɗakin ya kalla, sannan ya ce min lafiya lau suke zaune. A nan na koyi cewa tambayar kirki ba a yin ta a gaban jama'a.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda rayuwar wurin ta rataya a kan lokaci. Ana kulle ɗakuna da 5 na yamma, ba a buɗewa sai bayan ƙirgen safe, wajen ƙarfe 8. Awa 15 ke nan a kan bokiti ɗaya da jarkar ruwa biyu. Doka ta 23 ta ce wanda ba ya aiki a waje a ba shi aƙalla awa guda kullum ya sha iska a fili, ta 22 kuma ta ce a samu ruwan sha duk lokacin da aka buƙata. Waɗanda aka yanke wa hukunci sun fi samun fita, suna zuwa wurin koyon sana'a da kicin da shara. Masu jiran shari'a, waɗanda doka ke ɗauka marasa laifi, su ne ke wuni a kulle, wai ana tsoron su gudu kuma ma'aikata ba su isa ba. Famfon ɓangarensu ya shekara a lalace.

Na roƙi Hajiya mu tsaya har a kulle. Bayan an sa kwaɗo na tsaya a baranda shiru, ina saurare. Tari ne ke tashi ɗaki bayan ɗaki, irin mai zurfin nan da ma'aikacin jinya ba ya mantawa. Tarin fuka ba abin da yake so kamar cunkoso da rashin iska. Da rana kuma na riga na duba tsakankanin yatsun mutum goma, takwas suna da ƙazuwa.

Washegari littattafai muka bi. Kowane gidan yari yana da su: na shiga da fita, na horo, na asibiti, na mace-mace, na koke. Doka ta 30 ta ce ma'aikacin lafiya ya duba duk wanda aka kawo da wuri-wuri, ya nemi alamar duka, ya ware mai cuta mai yaɗuwa. Littafin asibitin tsaf yake, kowane suna da nauyinsa a gabansa da "lafiya lau". Sai dai biro ɗaya ne, hannu ɗaya, shafi bayan shafi na wata uku, ba inda tawada ta canza. Na ce a nuna min sikelin. Aka jawo shi daga ƙarƙashin gado, ƙura ta rufe shi, na hau, allurar ko motsi ba ta yi ba. Ma'aikacin asibitin ya sunkuyar da kai. Ban ce masa komai ba, shi kaɗai ne a kan ɗaruruwan mutane, kuma na san abin da hakan ke nufi.

Ganawar sirri ita ce ƙashin bayan aikin. Yarjejeniyar ta ba mu ikon zaɓar wanda muke so mu gani da inda za mu gan shi. Yadda muke yi, mu ɗauki kowane suna na biyar a rajista, mu cakuɗa da waɗanda suka nemi ganinmu, mu ba kowa lokaci kusan daidai, don kada a gane wa ya faɗi me. Muka ajiye benci a tsakiyar fili, inda gandiroba zai hango mu amma ba zai ji ba. Yawancin koke-koken ƙanana ne a ido: wasiƙar da ba ta isa ba, ziyarar iyali da ake yankewa a minti biyar, sabulu. Wani kuma ya shekara huɗu yana jiran shari'a, rabonsa da kotu tun shekarar farko, an ce fayil ɗinsa ya ɓata. Hajiya ta duba takardar tsare shi ta daɗe ba ta ɗago ba. Ya tuna min da labarin John Howard da aka ba mu a horo, wanda da aka naɗa shi babban jami'in shari'a na yankin Bedfordshire a Ingila a 1773, ya shiga kurkuku ya tarar da mutanen da kotu ta wanke suna nan a tsare don ba su biya mai gadi kuɗin sallama ba. Shekara fiye da 200 ke nan, har yanzu takarda na riƙe mutum.

Na goma sha ɗaya a jerina wani mutum ne daga ɗaki na huɗu, zai kai shekara 50, mai ciwon sukari. Shi ke share asibiti, aikin da kowa ke kwaɗayi, domin kana wuni a waje kuma maganinka ba ya wuce ka. Ya zauna, ya kalli gandiroban da ke nesa, ya yi ƙasa da murya.

"Likita, maganar nan tsakanina da kai ce sai Allah."

Na ce haka ne.

Ya ce ɗakin horon da muka gani jiya babu kowa, akwai yaro a ciki har safiyar da muka zo. Muna tsaye a ƙofa aka fito da shi, aka kai shi ma'ajiyar da ke bayan asibiti, daga baya aka saka shi cikin wani ɓangare. Ya fi sati uku a can, a kan faɗa. Ya gaya min sunansa da ɗakin da yake.

Littafin horo ya ce ba wanda ya wuce kwana 7 a ɗakin nan duk shekarar. Muka koma da tocila, domin ba taga, sai wata 'yar kafa a saman ƙofa. A bango, daidai inda kan mai kwanciya zai kasance, an karta layuka da wani abu mai tsini, farin siminti bai ko dushe ba. Na ƙirga sau biyu, 23. Dokokin Mandela sun fayyace abin: a tsare mutum shi kaɗai awa 22 ko fiye a rana ba mu'amala ta kirki da kowa, shi ne ɗaurin kaɗaici, in ya wuce kwana 15 a jere haramun ne, haka ma sa mutum a ɗaki mai duhu. Muka nemi yaron cikin wasu mutum shida da muka kira don ɓad da sawu. Da ya fito fili sai ya sa hannu ya kare idonsa, hawaye na zuba, ba kuka yake ba, rana ce.

Rana ta uku da yamma aka yi zaman ƙarshe da shugaban gidan da mataimakinsa. Ƙa'idar zaman ita ce a faɗi abin da aka gani, ba a faɗin wanda ya faɗa. Hajiya ta bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya cikin sanyin murya, har ta yaba musu kan tsaftar kicin da makarantar da wasu fursunoni ke koyar da 'yan'uwansu karatu. Da ta zo kan ɗakin horo sai mataimakin ya murtuke fuska. Ya ce zanen bango tsoho ne, yaron kuma maƙaryaci ne, littafi shi ne shaida. Ya maimaita har sau uku, yana murmushi irin na wanda ya san ba abin da za ka iya. Raina ya ɓaci. Ban san sanda na ce ba, "Yallaɓai, wanda ke wuni a asibitin nan kullum ya ga sanda aka shigo da yaron ma'ajiya, kuma ba zai yi min ƙarya ba."

Hajiya ta take min ƙafa a ƙarƙashin tebur, amma magana zarar bunu ce. Mutum biyu ne kacal ke wuni a asibitin, ɗaya ma'aikaci ne. Na ga mataimakin ya rubuta wani abu a gefen takardarsa.

Ba ta nuna komai a fuska ba. Ta rufe fayil ɗinta, ta tuna musu cewa yarjejeniyar ta hana a hukunta kowa ko a ƙuntata masa don ya yi magana da masu duba, ko da abin da ya faɗa bai tabbata ba. Ta ce muna da sunan duk wanda muka gana da shi, kuma in mun dawo za mu nemi kowa da sunansa. A mota ba wanda ya yi magana. Sai da muka yi nisa ta ce, "Malam, kai gida za ka kwana yau." Iyakar faɗan da ta yi min ke nan, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Rubuta rahoto ya ci mana kwana goma. Mutane suna zaton muna da ikon ba da umarni, alhali ko mutum ɗaya ba za mu iya saki ba, ko gandiroba ɗaya ba za mu iya kora ba. Abin da ke hannunmu shi ne rubutu, da shawarwari, da wajabcin da Doka ta 85 ta ɗora wa hukuma na ta ba da amsa cikin lokacin da ya dace ko za ta aiwatar. Muka raba shawarwarin: waɗanda shugaban gida zai iya yi gobe ba tare da ko sisi ba, kamar rufe ɗakin duhu da fitar da masu jiran shari'a su sha iska rukuni-rukuni, sai waɗanda suka fi ƙarfinsa, na ma'aikatar da ke sama da shi da na kotuna. Jerin waɗanda suka daɗe ba a kai su gaban alƙali ba Hajiya ta aika wa masu ba da taimakon lauya kyauta.

Bisa tsari bayan wata uku za mu koma. Saboda ni muka koma bayan kwana 19.

Wannan karon minti biyar aka buɗe. An gyara famfon, mutane na layi da jarkoki. An fasa bangon ɗakin horo an sa taga mai ƙarfe. Akwai sabon sikeli a asibiti, har ledarsa ba a gama cirewa ba. Mai shara kuwa wani ne daban.

A ɓangaren da ya fi nisa da asibiti muka same shi. Littafi ya ce "canjin aiki na yau da kullum", kuma ba dokar da ta ce dole fursuna ya dawwama a kan tsintsiya ɗaya. Ya zo benci yana ɗingishi. A sabon ɗakin shi sabon shiga ne, don haka gefen bokiti yake kwana. Maganinsa yana zuwa wata rana, wata rana a ce mai mabuɗi ba ya nan. Na ce ya cire silifas. Akwai gyambo a ƙarƙashin babban yatsansa, ya fara ruwa, irin wanda a ƙafar mai ciwon sukari ba a wasa da shi.

Na ce, "Sun taɓa ka?"

Ya ce, "Ko yatsa ba wanda ya ɗora min. Ai ba sai an taɓa mutum ba, Likita."

Na gaya masa gaskiya, cewa daga bakina abin ya fita, na ce ya yafe min. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Sannan ya tambaye ni yaron nan fa, na ce yana ɗakin jama'a, an kuma fasa taga. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To. Amma in kun sake zuwa, kada ka neme ni da wuri. Ka kira mutum goma, ka sa ni a tsakiya, kuma kada ka daɗe da ni fiye da saura."

Hajiya ta shiga ofis ta fito da alkawari a rubuce, da sa hannun shugaban gidan, cewa za a maida shi kusa da asibiti a ranar, a kuma kai shi babban asibiti a duba ƙafar. Aikin shara dai ba ta samo masa ba. Ni kuma na karɓi ruwan gishiri da bandeji a wurin ma'aikacin asibitin, na durƙusa na wanke gyambon, abin da ba ya cikin aikin mai duba, ta gani ta kau da kai. Ina ɗaurewa ya ce yaushe za mu dawo. Na ce ba a faɗa wa kowa, ni kaina sai daren ranar nake ji. Ya ce haka ya fi, ya sa silifas ɗinsa, ya ce in kira na gaba.